Daren da magajin gari ya kasa barci: wane ne mutumin kirki a idon marubuta?

Idan aka yi rasuwa a unguwa aka zauna zaman makoki, da wuya a tashi wani bai ce "Allah Sarki, mutumin kirki ne" ba. In ka nemi dalili, amsar kusan ɗaya ce daga Maraɗi har Tawa: hannunsa a sake yake, ba a zuwa ƙofar gidansa a koma haka nan, ya gina rijiya, ya ɗauki nauyin karatun marayu. Kyauta ita ce ma'aunin da muke fara ɗaukowa, kuma ba laifi ba ne, domin a ƙasar da damina ɗaya ke iya karya gida, mai bayarwa yana ceton rai.

Sai dai kalmar kirki ta fi haka faɗi. A shekarar 1973 wani masani ɗan Ingila, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a arewacin Najeriya kafin ya koma koyarwa a jami'ar Oxford, ya gabatar da lacca a Amurka a kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, aka buga ta a 1974. Ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa zai gane su. Amma in ka lura, yawancinsu halaye ne da jama'a ke gani, su kuma saka wa mai su da girmamawa. Ko karamci, wanda ya fi kusa da fifita wani a kan kai, yana dawo wa mai shi da suna. Abin da ya rage shi ne: me mutum zai yi ranar da aikata daidai ba zai ƙara masa suna ba, sai ma ya ƙwace masa wanda yake da shi? Malamai suna da kalmar Larabci, isari, wadda suke fassara yabon da Suratul Hashri ta yi wa mutanen Madina da ita, saboda sun fifita baƙinsu alhali su ma suna cikin buƙata. Gidajen rediyo kuma suna cewa sadaukar da kai.

Maƙwabci ba ya iya auna wannan, don ba ya ganin zuciya. Marubucin ƙagaggen labari kuwa yana da damar shiga cikin kan mutum da tsakar dare, ya nuna mana lissafin da yake yi. Littattafai biyu da yawancin waɗanda suka yi lise suka ji sunansu sun yi wannan aikin, kowanne ta hanyarsa.

Sa guda, kashi 77

Na farko na kusa da mu ne. Aminata Sow Fall, marubuciya ƴar Senegal, ta fitar da La Grève des bàttu a 1979, ta kuma samu babbar lambar yabo ta adabin baƙar fatar Afirka a 1980. Bàttu a harshen Wolof shi ne ƙoƙon bara, saboda haka sunan littafin na nufin yajin aikin mabarata. Ba a ambaci sunan birnin ba, amma kowa ya gane Dakar ce. Wani babban jami'i, Mour Ndiaye, shugaban ma'aikatar tsabtar gari, ya samu umarnin share mabarata daga tituna don kada su ɓata wa ƴan yawon buɗe ido rai. Ya ɗora aikin a kan mataimakinsa Kéba Dabo, aka yi ta kame da duka har aka samu asarar rai. Mabaratan suka tattara suka koma bayan gari, gidan wata mace mai suna Salla Niang, suka yanke shawarar ba za su ƙara fita bara ba.

Sai ga Mour yana harin kujerar mataimakin shugaban ƙasa. Malaminsa ya ce ya yanka sa, ya raba naman kashi 77, ya bai wa mabarata a wurarensu na bara cikin kusurwoyin birni. Tituna kuwa fayau, shi da kansa ya share su. Ya bi su har inda suke, ya zuba masu kuɗi, ya roƙe su su koma ko da na wuni ɗaya ne. Suka karɓi kuɗin, ba su je ba. Aka bai wa wani kujerar.

Littafin yana da ban dariya, yana kuma da cizo. Abin da mabaratan suka gane tun farko shi ne, yawancin masu jefa masu sadaka da sassafe ba tausayi ke kawo su ba: wannan ya yi mugun mafarki, waccan tana neman haihuwa, wancan yana jiran ƙarin girma a wurin aiki. Ƙoƙon bara ya zama kamar tagar da ake biyan kuɗin buƙata. Mai karatu a Damagaram ko Yamai ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan, kuma tun da aka maido ɗaruruwan ƴan Nijar masu bara daga Dakar a 2022, labarin ya ƙara matsowa kusa. Sow Fall ba ta ce a daina sadaka ba. Ta nuna dai cewa mutum na iya raba sa guda alhali idonsa bai taɓa sauka a kan fuskar wanda yake bai wa ba.

Cokulan liman

Littafi na biyu ya fi tsufa, ya fi girma, kuma a nan ne maganar take da nauyi. Victor Hugo ya buga Les Misérables a 1862, lokacin yana gudun hijira a tsibirin Guernesey saboda adawarsa da Napoleon na uku. Labarin ya fara a 1815 a garin Digne, kudu maso gabashin Faransa, da wani babban limamin Katolika mai suna Myriel. Da aka naɗa shi, ya ga asibitin garin ƙuntatacce ne da marasa lafiya 26, shi kuma an ba shi fada mai ɗakuna rututu, sai ya yi musaya: marasa lafiya suka koma fadar, shi ya koma asibitin. Cikin albashinsa na faran 15,000 a shekara, 1,000 kawai yake riƙe wa kansa. Abin alfarma ɗaya da ya rage masa shi ne cokulan azurfa da maɗoran kyandir biyu na gado.

Wata rana da dare wani mutum ya ƙwanƙwasa ƙofa. Jean Valjean ne, mai sassabe itatuwa, wanda ya fasa tagar gidan burodi ya ɗauki guda ɗaya don ƴaƴan ƴar'uwarsa bakwai da ke kwana da yunwa. An yanke masa shekara 5. Yunƙurin gudu sau huɗu ya mayar da su 19. An sake shi da takardar shaida mai launin rawaya wadda ke sanar da kowa cewa tsohon ɗan kaso ne, duk masaukin garin suka kore shi. Liman ya sa aka shimfiɗa masa, aka fito da azurfar aka ci abinci da ita, yana kiransa da kalmar girmamawa irin wadda ake kiran masu mutunci. Ƴar'uwar liman ta lura da wani abu: har aka gama cin abinci bai yi wa baƙon wa'azi ba, bai faɗi kalma ɗaya da za ta tuna masa ko shi wane ne ba. Wannan a Hausa sunansa kiyaye mutunci, kuma a ganina ya fi azurfar tsada.

Cikin dare Valjean ya kwashe cokulan ya gudu. Da safe jandarmomi suka dawo da shi. Liman ya gaya masu shi ya ba shi, ya ma ɗauko maɗoran kyandir ya ƙara masa, kamar mantawa ya yi da su.

Nan ne yawancin masu ba da labarin suke tsayawa, kuma nan ne fina-finai ke sa mutane hawaye. Amma Hugo bai yarda alheri ya zama tsafi ba. A ranar nan, a kan hanya, Valjean ya taka kuɗin wani yaro ɗan yawon neman abinci mai suna Petit-Gervais, ya ƙi ɗaga ƙafa har yaron ya tafi yana kuka. Sai bayan yaron ya ɓace ne ya ga abin da ya aikata, ya bi shi yana kira bai same shi ba, ya durƙushe ya yi kukan da rabonsa da shi shekara 19. Wannan ƙaramar sata kuma ita ce za ta sa, in aka sake kama shi, hukuncinsa ya zama ɗaurin rai da rai.

Shi liman, in an yi lissafi, me ya rasa? Cokula. Washegari ya ce cokalin itace ma ya isa. Jarrabawa mai wuya tana gaba, kuma a kan Valjean za ta faɗa.

Ya sauya suna ya zama Madeleine, ya zauna a garin Montreuil-sur-Mer a arewacin ƙasar, ya ƙirƙiro hanya mai araha ta yin baƙaƙen duwatsun ado, ya buɗe masana'anta. Garin ya farfaɗo. Ya ƙara gadaje goma a asibiti, ya gina makarantu biyu, ya kashe fiye da faran miliyan ɗaya a kan gari da talakawa, aka matsa masa ya karɓi kujerar magajin gari a 1820. Da a nan ya rasu, zaman makokinsa da ba a taɓa ganin irinsa ba. Duk da haka, a cikin masana'antarsa ne aka kori wata ma'aikaciya, Fantine, don an gano tana da ɗiya ba aure. Shugabar sashen mata ce ta kore ta da sunan dokar ɗa'a da shi ya kafa, shi bai ma sani ba. Matar ta sayar da gashinta, ta sayar da haƙoranta biyu na gaba, a ƙarshe ta sayar da kanta, don ta biya masu riƙon ɗiyarta Cosette. Masu gidajen da ake yabo a masallaci alhali ba su san yadda ake yi wa yaran shagonsu ba, su dubi wannan wuri da kyau.

Wani tsoho da reshen tuffa

A 1823 sufeton ƴan sanda Javert, wanda ya daɗe yana zargin magajin garin, ya zo ofis ya ce a kore shi daga aiki. Ya ce ya kai ƙarar ubangidansa a ɓoye cewa shi ne Jean Valjean, ashe ya yi kuskure: an kama Valjean na gaskiya. Wani tsoho ne mai suna Champmathieu, an same shi da reshen tuffa a hannu, tsofaffin ƴan kaso uku sun rantse shi ne, shi ma Javert ya gan shi ya tabbatar. Gobe za a yanke masa hukunci a kotun birnin Arras.

A duba yadda Hugo ya ɗaure wannan ƙulli. Ba wanda ya sani sai Madeleine. Ba a nemi ya yi ƙarya ba, shiru kawai zai yi. Mutumin da za a ɗaure ba ɗan'uwansa ba ne, ba ya ma saninsa, kuma ba wani abin sha'awa ba ne: tsoho ne mai kaushin hali wanda ko kare kansa bai iya ba. In aka ɗaure shi, sunan Valjean ya mutu ke nan har abada, Madeleine ya huta.

Babin da ya biyo baya, wanda Hugo ya kwatanta da guguwa a cikin ƙoƙon kai, shi ne zuciyar littafin. Mutumin ya kulle ɗaki, ya kashe fitila, ya yi ta kai da kawo har asuba. Abin da ya sa babin ya fi wa'azi shi ne, hujjojin yin shiru ba na banza ba ne. Wa zai riƙe masana'anta? Ɗaruruwan gidaje suna ci daga gare ta. Fantine tana kwance rai a hannun Allah, ya yi mata alkawarin kawo ɗiyarta. Har ya kai ga wani tunani mai kaifi: anya miƙa kansa ba shi ne ainihin son kai ba? Zai wanke zuciyarsa, ya samu natsuwa, ya bar gari guda cikin yunwa. Da wannan hujja ya ɗauko tsofaffin tufafinsa na kaso da sandarsa da ya ɓoye a bango ya jefa wuta. Ya kai hannu ga maɗoran kyandir na liman zai narkar da su, sai ya kasa.

Da asuba ya hau keken doki ya nufi Arras ba tare da ya yanke shawara ba, yana gaya wa kansa zai je ne ya gani kawai. A garin Hesdin aka ce ƙafar keken ta lalace, gyara sai gobe, babu kuma wani abin hawa. Hugo ya ce farin ciki ya lulluɓe shi: ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙaddara ce ta hana. Sai ga wani yaro da ya ji maganar ya ruga ya kawo wata tsohuwa mai keken haya. Da yaron ya nemi ɗan tukwici, mutumin nan da bai taɓa hana kowa ba ya daka masa tsawa ya hana shi. Ban san wani wuri a adabi da ya nuna gaskiyar zuciyar ɗan Adam kamar wannan ba. Mutumin kirki a nan ba ya gudu zuwa ga alheri da murna. Ana jan sa ne, yana neman ƙofar fita a kowane mataki, yana jin haushin wanda ya toshe masa ita.

Ya isa da dare, ɗakin shari'a ya cika, sunansa na magajin gari ne ya buɗe masa ƙofa, sunan da ya zo rusawa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya ya tafi, ya sake dawowa. Da ya miƙe ya ce shi ne, gashin kansa ya riga ya yi fari. Alƙali ya ɗauka taɓin hankali ne, ya tambaya ko akwai likita. Sai da ya gaya wa shaidun nan uku alamomin da ke jikinsu da abin da ba wanda zai sani sai abokin kaso, sannan aka yarda. Aka saki Champmathieu, wanda ya fita bai fahimci komai ba, yana ganin duk mahaukata ne. Godiya ma ba a yi ba.

Hugo bai ɓoye farashin ba. Fantine ta mutu don firgita lokacin da Javert ya shigo kamun. Garin da ya ci arzikinsa ya juya masa baya cikin sa'o'i kaɗan, kowa na cewa shi dama ya yi zargi. Masana'anta ta rufe, ma'aikata suka watse, talauci ya dawo. Duk abin da ya ji tsoro a daren nan ya faru.

To, ya yi daidai? Ana iya gardama, kuma ɗalibai suna yi. Ni ina ganin ya yi, kuma dalilin yana cikin wata kalma da ba ta cikin jerin Kirk-Greene amma kowace tsohuwa ta san ta: haƙƙi. Alherin da zai ci gaba da yi wa gari zai tsaya ne a kan bayan wani mutum da ke jan sarƙa a madadinsa. Bashinsa ne, wani ke biya da jikinsa, ba a kuma tambaye shi ba. Muna da irin wannan a kusa. Akwai attajirin da ke ciyar da mutum talatin, amma filin da ya fara jari da shi gadon marayun ɗan'uwansa ne. Akwai ma'aikacin da ya san kuskuren lissafin nasa ne, yana kallo aka kori ƙaramin akawu, ya ce ai shi yana da iyali da yawa. Hujjar kullum ita ce mutane nawa ke ci a ƙarƙashina, kuma sau da yawa gaskiya ce, shi ya sa take da daɗin riƙewa.

Akwai wani abin mamaki kuma. Gaskiya ce ta farko a jerin halayen nan goma, amma mutum biyu mafi tsarki a littafin duk sun faɗi abin da ba haka ba. Liman ya yi wa jandarmomi. Sai kuma wata mai hidimar coci, Simplice, wadda aka sani ba ta taɓa ƙarya ba ko da wasa: da Valjean ya kuɓuce ya ɓuya a bayan ƙofa, Javert ya tambaye ta ko ita kaɗai ce a ɗakin, ta ce e, ya sake tambaya ko ta ga mutumin, ta ce a'a. Javert ya yarda nan take saboda sunanta. Abin da ta fi ƙauna a duniya, wato tsabtar harshenta, shi ta kashe a kan wani. Malaman fiƙihu ma sun tattauna irin wannan, inda suka halatta ɓoye wanda azzalumi ke nema. Javert kuwa, wanda bai taɓa ƙarya ko cin hanci ba, yana da gaskiya da amana a cike, amma ba mai karatun da zai kira shi mutumin kirki.

Inda nake rabuwa da Valjean shi ne ƙarshen rayuwarsa. Ya sake tserewa, ya karɓo Cosette, ya raine ta a Paris. A tarzomar watan Yuni 1832 ya samu damar kashe Javert ya sake shi. Ya kuma saɓa Marius, saurayin da ke son Cosette, wanda aka harba, ya ratsa da shi ta magudanar ƙazantar birni, alhali yana ƙin yaron don zai raba shi da abu ɗaya da yake so a duniya. Wannan duka babu abin cewa. Amma ya ba Cosette kusan faran 600,000 kafin aure, bayan aure kuma ya gaya wa Marius cewa shi tsohon ɗan kaso ne, ya ɓoye masa cewa shi ya ceci ransa, ya bari aka riƙa janye masa kujera da wutar ɗumi a ɗakin da yake zuwa gaisuwa, har ya daina zuwa, ya daina cin abinci. Bai tambayi Cosette ko tana son wannan sadaukarwar ba. Ya yanke mata hukunci, ya hana ta damar rama alheri, alhali a zumunci irin namu tsoho da ya ƙi karɓar tuwon ɗiyarsa ya ɓata mata, komai kyawun niyyarsa.

Marius ya ji gaskiya ne daga bakin Thénardier, mugun da ya azabtar da Cosette tana ƙarama, wanda ya zo sayar masa da asirin surukinsa. Ya kawo tsofaffin jaridu da ƙyallen rigar da ya yaga a jikin wani da ya ɗauka gawa ce a magudanar, don ya tabbatar Valjean mai kisan kai ne. Marius ya buɗe kabad ya ɗauko tsohuwar rigarsa mai jini, ƙyallen ya dace da gurbinsa. Shi da Cosette suka hau keke a guje. Sun tarar da tsohon a kujera, kyandir biyu na ci a kan maɗoran azurfar liman, kuma bai kai safiya ba.